Idan Zakaru Sun Yi Yawa a Gida

Kaza ta yi kwanci kwana 21 ta fito da 'yan tsaki goma, kusan rabinsu maza ne. Da sun kai wata biyar zuwa shida, tsakar gida ta koma filin dambe, ga cara tun kafin assalatu.

1. Zakara ɗaya ya ishi kaji 8 zuwa 10. Kaza tana yin ƙwai ko babu zakara, amfaninsa shi ne ƙwan ya ƙyanƙyashe.

2. Uwargida, dubi bayan kajinki. In gashin gadon baya da na ƙeya ya tsige har fata ta yi ja, barbara ce ta yi yawa. Na taɓa ganin kazar da ke yini a ƙarƙashin rumbu, ko an watsa tsaki ba ta fitowa sai zakaru sun bar wurin. Ta rame, ƙwai ya tsaya, mai ita kuwa tana ta neman magani a banza.

3. Zakaran da za a bari, a zaɓi mai faɗin ƙirji da jan zanko, wanda in ya tono abinci yake kiran kaji, in ya hango shaho ya yi kururuwa. Mai kai wa yara sara, a fara yanka shi komai kyansa.

4. Sauran a ware su a akurki daban, inda ba sa ganin mata. Waɗanda suka tashi tare ba su cika faɗa ba. A sa mazubin abinci biyu don kada babba ya hana ƙanana ci.

5. Kada a riƙe su har hunturu, lokacin da cutar Newcastle take share kajin unguwa. Zakaran da ya gama girma dusa da dawa kawai yake ci, ba ya ƙara wani nama. A sayar, ko a yi wa baƙo farfesu. Wanda ke jiran kasuwar Sallah ko Kirsimeti, ya nemi ma'aikacin dabbobi ya ɗiga musu rigakafi. Cibiyar binciken cututtukan dabbobi ta Vom tana yin sa.

6. Duk shekara a canja zakara don kada ya riƙa hawa 'ya'yansa iri ya lalace. Sabon da aka kawo, musamman daga kasuwa, a killace shi mako biyu cur kafin ya shiga cikin kaji.