Zoɓo da hawan jini

Tambaya: Mahaifiyata tana da hawan jini. Maƙwabta sun ce ta bar ƙwayoyin asibiti ta koma shan zoɓo. Shin haka ne? Daga wata mai karatu a Zariya.

Amsa: Allah ya ba Mama lafiya. Zoɓo yana da amfani na gaske. Jan launin da yake rina tukunya da yatsu ya fito ne daga sinadarin antosayanin, wanda ke taimaka wa jijiyoyin jini su saki. A wani bincike da aka wallafa a Amurka a 2010, mutanen da suka sha kofi 3 na zoɓo kullum har mako 6 sun samu saukar jini da kusan maki 7. Raguwa ce mai kyau, amma ba ta kai a ajiye magani ba, domin barinsa kwatsam yana iya jawo shanyewar ɓarin jiki.

Matsalar ita ce zoɓon da ake ƙullawa a leda, wanda aka cika wa sukari. Gara a jiƙa zoɓo cikin tafin hannu guda a ruwan zafi a gida, a sa citta da kanumfari, a sha ba zaƙi. A rage gishiri da dunƙule a miya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin yini ya kai giram 5.

Kafin a mayar da zoɓo abin sha na kullum, a sanar da likita, tunda haɗuwarsa da wasu magunguna kan sauke jini fiye da kima. Mai juna biyu kuwa ta dakata da yawan shansa.