Darasin Wannan Wata: Zaɓen Mai Taimako ga Raunin Zuciya

Karatu: Ayuba 2:11-13 da 42:7-9

'Yan'uwa manoma, a wannan wata za mu ajiye maganar taki da iri tukuna. A zagayen da na yi bayan kaka na tarar da gonaki da dama ba a noma su ba, alhali an yi ruwa, shanun huɗa kuma suna nan. A wani ƙauye na tambayi wani ɗan ƙungiya abin da ya hana shi shuka gonarsa ta bakin rafi, wadda ta fi sauran albarka. Ya yi shiru. Matarsa ce ta faɗa mini daga baya cewa a nan aka kashe ƙanensa shekara biyu da suka wuce. Tun daga ranar bai ƙara bin hanyar ba. Ba ya barci sai goshin asuba, ƙarar babur ma takan sa ya zabura, ya kuma soma shan burukutu wanda dā bai saba ba. Bashin takin ƙungiya yana kansa har yanzu.

Wannan shi ake kira raunin zuciya. Kowa yakan firgita bayan masifa, yawancin mutane kuwa sukan farfaɗo a hankali idan suna cikin danginsu. Amma idan wata guda ya wuce mugun mafarki bai daina ba, mutum yana gudun wurin da abin ya faru, yana fushi ba dalili, ya kasa aikinsa, to, lokacin neman taimako ya yi. Wani kuma abin da ke cinsa shi ne bai san ko shi wane ne ba yanzu. Jiya yana ciyar da mutum ashirin daga rumbunsa, yau yana layin karɓar tsaba a sansani. Ko kuwa mace ce da mijinta ya rasu, dangin miji suka karɓe gonar.

To, wurin wa za a je? Mu duba abokan Ayuba. Su uku suka taso daga garuruwansu, suka zauna a ƙasa tare da shi kwana bakwai ba wanda ya ce uffan. A waɗannan kwanaki sun yi aiki mai kyau. Da suka buɗe baki sai suka shiga neman zunubin da ya jawo masa wannan wahala, har a ƙarshen littafin Allah ya yi fushi da su. Mutanen dai su ne, ƙaunarsu kuma ba ta ragu ba, amma taimakonsu ya koma ƙarin ciwo. Don haka kasancewar mutum aboki, ko dattijo, ko mai babbar takardar makaranta, bai isa shaida ba. Sai an gwada shi, kamar yadda muke gwada sabon iri a kunya biyu ko uku kafin mu cika gona da shi.

A zama na fari da na biyu ku lura da bakinsa. Idan shi ne ya fi ku magana, ba a soma da kyau ba. Mai taimako na kirki yakan yi tambaya kaɗan, ya jira, ba ya kuwa matsa wa mutum ya faɗi dukan abin da ya gani a rana ɗaya. Ba ya cewa rashin bangaskiya ne ya hana ka barci. Ba ya gaggauta ka ka gafarta wa wanda ya kashe ɗanka tun kafin ka gama kuka. Gafara tana cikin koyarwarmu, ba na musun wannan, amma na ga mutanen da aka sa su furta ta a gaban taro, suka koma gida zuciyarsu tana nan yadda take, ga kunya kuma ta ƙaru.

Abu mafi nauyi a ƙauye shi ne asiri. Ku tambaye shi kai tsaye, wa zai ji abin da zan faɗa maka? Wanda aka horar zai amsa cewa ba kowa, sai fa idan ran wani yana cikin hatsari. Idan maganarku ta fito cikin wa'azin Lahadi, ko a roƙon addu'a na Zumuntar Mata, ko da ba a ambaci suna ba, kada ku koma. Macen da aka yi wa fyaɗe tana da iko ta ce mace take so ta gani. Wanda kuma bai ji daɗin mai taimakonsa ba yana iya neman wani, ba laifi ba ne, ba kuwa raini ba ne.

Mai taimako nagari ya san iyakarsa. Fasto ko mai bishara yana iya yin sauraro da addu'a, wannan kuwa babban abu ne. Bayan 2014, sa'ad da Boko Haram suka kama Mubi da hedkwatar EYN a Kwarhi, ikkilisiyar ta shirya tarurrukan warkar da raunin zuciya domin 'yan gudun hijira, ta kuma horar da 'yan ikkilisiya su ci gaba da aikin. Ku tambayi ofishin gundumarku ko akwai wanda ya sami irin wannan horo kusa da ku. Amma idan mutum yana jin muryoyi, ko ya daina cin abinci, ko sha ya fi ƙarfinsa, aikin likita ne. Ku fara da asibitin da ke kusa, ku roƙi takardar turawa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na gwamnatin tarayya a Kaduna, da Maiduguri, da Kware ta Jihar Sakkwato, akwai kuma sashen wannan aiki a asibitin koyarwa na Jami'ar Jos. Zuwa can ba ya nufin mutum ya haukace. Wani magani za a ba shi, wani kuwa zaman magana ne zai riƙa yi makonni da dama tare da masanin halin ɗan adam. Kada ku sayi ƙwayar barci a kemis ba tare da likita ba, gama tana kama mutum kamar giya.

Gidan da ake ɗaure marar lafiya da sarƙa, ko a yi masa bulala, ko a hana shi abinci da sunan azumi, ku guje shi ko da ana waƙoƙin yabo a ciki. Binciken da ƙungiyar Human Rights Watch ta fitar a 2019 ya sami irin wannan ɗauri a wuraren Kirista, da na Musulmi, da na masu maganin gargajiya, har da wasu na gwamnati. Sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa, wadda aka sanar da sa mata hannu a Janairu 2023, ta maye gurbin tsohuwar doka ta 1958, ta kuma ba marar lafiya hakkin a girmama shi, a ji ra'ayinsa a kan jinyarsa.

Akwai magana guda wadda ba ta jiran taron wata. Idan ɗan'uwa ya ce gara ya mutu, kada ku ɗauka wasa ne. Ku tambaye shi a fili ko yana tunanin kashe kansa, tambayar ba ta sa mutum ya aikata. Kada a bar shi shi kaɗai. A kwashe maganin ƙwari da na ciyawa daga gidansa a kulle a ma'ajin ƙungiya, a kai shi asibiti a ranar.

Abin da ya fi hana mutanenmu zuwa shi ne kuɗin mota, da kuma wanda zai duba gona da awaki. Wannan kam aikin ƙungiya ne. A taronku na wannan wata ku zaɓi mutum biyu masu riƙe asiri, namiji da mace, su riƙa yin rakiya. Magatakarda ya binciko ranar da ake ganin irin waɗannan marasa lafiya a asibiti mafi kusa, da kuɗin mota zuwa da dawowa. Ku kuma shawarta ko za a ware wani abu daga asusu, da ko za a ɗaga wa irin ɗan'uwan da na ambata biyan bashinsa har kaka mai zuwa, a yi masa gayya a gonar bakin rafi. Kada a rubuta sunan kowa a littafin taro.