Darasi: Yadda Za Ka Kwantar Da Ruwan Gulbi Da Ƙwayar Zogale Kafin Ka Ba Kaji Ko Kifi



Wani ɗan uwanmu daga Kurfi ya turo min hoton ruwan da yake ba kajinsa, wallahi sai ka ce koko. Ba shi kaɗai ba ne. Duk wanda ke ɗiba a gulbi ko tafki a yankin Dutsin-Ma da Kurfi ya san yadda ruwa ke komawa ja da zarar damina ta kankama. Ko kogin Karaɗuwa, wanda aka tare aka yi madatsar ruwa ta Zobe a 1983, haka yake kwaso laka daga gonaki duk shekara. Rijiyar burtsatse kuma ba kowane mai farawa ke da kuɗinta ba.

Kar ka ce ai laka ce kawai. Ƙwayoyin cuta a jikinta suke maƙalewa, tana rage ƙarfin kulorin, tana kuma toshe nipil ɗin shan ruwan kaji. A ɓangaren kifi, babbar tarwaɗa tana jurewa, amma ƙwai da ƙananan 'ya'ya ba sa iyawa: laka na lulluɓe ƙwan, tana toshe musu wurin numfashi.

Me ya sa ko ka ajiye ruwan ya kwana ba ya washewa? Yashi yana da nauyi, nan take yake zama. Amma ɓarɓashin yumɓu ƙanana ne ƙwarai, kuma duk caji iri ɗaya suke ɗauke da shi, sai suna ture juna kamar maganaɗisu biyu da aka haɗa ta fuska ɗaya. Tunda ba su haɗuwa, ba su yin nauyin da za su nutse. Ƙwayar zogale tana da wani furotin mai akasin wannan cajin. Da ya shiga sai ya janyo su, su dunƙule, su yi nauyi, su kwanta. Aikin da alam ke yi ke nan, sai dai alam yana ƙara wa ruwa tsami, zogale kuwa kusan ba ya taɓa shi. Ga mai kifi wannan ba ƙaramin bambanci ba ne.

Ba sabon abu ba ne fa. Matan ƙauyukan Sudan sun daɗe suna tace ruwan kogin Nilu da shi, kuma wata mai bincike, Samia Jahn, ta rubuta a kai tun wajen 1980. Mu nan ganyen muka sani, mu yi kwaɗo mu bar 'ya'yan suna bushewa a kan shinge.

To ga yadda ake yi. Ka samo ƙwanson da ya bushe a kan bishiya, ɗanye ba ya aiki sosai. Ka fasa, ka ɓare baƙin ɓawon, ka ɗauki farar ƙwayar ciki. Wadda ta yi baƙi ko ta yi fumfuna ka zubar. Ka daka ta yi laushi, ka tankaɗe. Ka zuba garin cikin gora da ɗan ruwa mai tsabta, ka girgiza da ƙarfi kamar minti 2, sannan ka tace da ƙyalle cikin ruwan da kake son gyarawa. Ka juya da sauri minti 1 zuwa 2, sai ka rage hannu kana juyawa sannu a hankali minti 5 zuwa 10. A wannan juyin na biyu yawancin mutane ke faɗuwa. A nan ne lakar ke dunƙulewa, in ka yi gaggawa kai da kanka kake wargaza ta. Daga nan ka rufe, kar wanda ya taɓa, awa 1 zuwa 2. Sai ka zuƙe na sama da tiyo, ka bar lakar a ƙasa.

Maganar awo fa? Ma'aunin da ake farawa da shi: ruwan da ya ɗan dame, ƙwaya 1 ga lita 4, matsakaici, 1 ga lita 2, wanda ya yi ja sosai, 1 ga kowace lita, mai kama da kunu, 2 ga lita. Amma ruwan Zobe daban, na tafkin bayan gidanku daban, na yau ma ba irin na mako mai zuwa ba ne. Don haka ka gwada. Ka daka ƙwaya 20, ka dama da ruwa cokali 20, kowane cokali ya zama ƙwaya ɗaya ke nan. Ka cika robar fenti huɗu, mai lita 4, da ruwan. Ta farko cokali 1, ta biyu 2, ta uku 4, ta huɗu 8. Bayan awa ɗaya ka duba. Wadda ta washe da mafi ƙarancin cokali, ita ce awonka.

Mu yi lissafi. Kajin ƙwai 100 suna shan wajen lita 25 a rana, a bazara ya fi haka. In ruwanka matsakaici ne, ƙwaya 12 ko 13 sun ishe ka. Duro mai lita 200 kuma ƙwaya 100, in ya yi ja sosai 200. Ga ƙaramin mai kiwo wannan kusan kyauta ne. Amma mai canza ruwan tankin kifi lita dubbai, gaskiya daka zai gajiyar da shi; a ganina gara ya fara barin ruwan ya kwana a tankin ajiya, ya keɓe zogalen don ruwan ƙyanƙyasa da na 'ya'yan kifi.

Bari in faɗi kuskuren da na yi. Farkon gwajina na ce bari in ƙara hannu don ya fi kyau, na kuma cika duro don ya kai ni kwana uku. Ruwan bai washe ba, fari-fari ya yi, rana ta biyu ya fara ɗoyi, dole na zubar. Ragowar garin da ke cikin ruwan abinci ne ga ƙwayoyin cuta. Ka gyara na yini ɗaya kawai, kuma kullum ka dama sabo.

Wannan dalilin ne ya sa ba a zuba shi kai tsaye a tankin da kifi ke ciki. In ya ruɓe yana cinye iskar oksijin, in ya yi yawa kuma yana iya kashe ƙananan kifi. A wani mazubi daban ake gyarawa. Kuma in ruwan tafkinka kore ne ba ja ba, wannan ba laka ba ce, ƙananan tsirrai ne da karfasa ke ci, ba na zogale ba ne.

Masu kaji, ku riƙe wannan da kyau: ruwa ya yi garau ba yana nufin ya tsarkaka ba. Zogale yana sauko da mafi yawan ƙwayoyin cuta tare da laka, amma ba ya kashe su duka. Bayan ya kwanta ka sa kulorin, irin su WaterGuard, daidai yadda aka rubuta a kwalbar. 'Yan tsaki kuwa na fi son a tafasa musu a bari ya huce. Kifi ba a ba su ruwan kulorin. Ranar rigakafin Lasota ko Gumboro ma haka, kulorin yana kashe rigakafin, ka nemo ruwan burtsatse ko da jarka ɗaya ce. Sannan in kana ɗiba kusa da gonakin rani inda ake feshi, kar ka dogara da zogale ya cire maka maganin ƙwari. Ka canza wurin ɗiba, ka haura sama da gonakin.

Akwai masu gwada yauƙin kuɓewa da ƙwallon tsamiya, suna taimakawa, sai dai zogale aka fi bincika, shi ya sa na tsaya a kansa. Wanda ke da mai matse man zogale kusa da shi ya roƙi tunkuzar, furotin ɗin yana nan cikinta, ga shi ba maiƙon da zai taso saman ruwa.

Ƙwanso yana bushewa ne da rani, matsalar kuma da damina take zuwa. Ka tara tun da wuri, ka ajiye da ɓawonsa a buhu inda ba laima, sai ranar da za ka yi aiki ka ɓare ka daka.