Yadda Ake Yi wa Kare Busasshen Nama da Ragowar Naman Farauta

Bayan an feɗe gada, barewa ko zomo, akan bar guntattakin tsoka da jijiya waɗanda ba su kai a zuba a tukunya ba. Su ake tarawa a busar, maharbi ya riƙa ba karensa tukuici lokacin horo ko a dawa.

Da tsincewa ake farawa. Ana yanke naman da ke kewaye da gurbin harsashi a binne shi, domin dalma takan tarwatse ta bar ɓurɓushin da ido ba ya gani. Haka ake yi da gurbin kibiya mai dafi. Sai a ɗebe kitse, don shi ne ke fara lalacewa, yawansa kuma yana sa kare gudawa. Mushe kuwa ba a ko taɓa shi.

A kayan ciki aka fi yin ganganci, saboda an saba jefa wa kare su ɗanye tun a wurin fiɗa. Hanta da huhun dabba mai cin ciyawa kan ɗauki wasu ƙullutai masu ruwa a ciki. Idan kare ya ci, tsutsa takan girma a hanjinsa, ƙwanta ya fita ta kashi, ya kai ga mutanen gida, musamman yaran da ke wasa da shi. Duk hantar da aka ga ƙulli a jikinta, a ƙone ta.

Abin da ya rage a tafasa shi cikin ruwa zalla har cikinsa ya daina ja. Mai ma'aunin zafi ya tabbatar naman dabba ya kai digiri 71 na Salsiyos, na zabo da sauran tsuntsaye 74. Wannan mataki ba a tsallake shi: shanya ko banda kaɗai ba sa kashe tsutsar da ke ɓuya a tsokar aladen daji.

In ya huce, a zare ƙasusuwa kaf, domin dafaffen ƙashi yana tsagewa ya soki maƙogwaro ko hanji. A yanyana naman siri-siri kamar za a yi kilishi, amma ba gishiri, ba yaji, ba ƙuli. Albasa da tafarnuwa ma guba ne ga kare, suna lalata masa jini.

A baza shi a kan raga, a rufe da mayafi mai shara-shara saboda ƙuda. Da hunturu iska kaɗai ta wadatar. Da damina sai a ɗora a saman garwashi marar ƙarfi. Ya bushe idan aka lanƙwasa ya karye. A adana a kwalba busasshiya mai murfi, ko a firiza in akwai wuta, wanda ya yi fumfuna kuma a zubar.

Kada tukuicin ya wuce kashi 10 cikin 100 na abincin kare a yini. Busasshiyar hanta a taƙaita ta fiye da haka, don sinadarin bitamin A ya yi mata yawa.