Yadda Ake Fitar da Iska Daga Birkin ABS

Ɗalibai masu karatun kimiyya sun san cewa iska tana matsuwa, amma ruwa ba ya matsuwa. A kan wannan ilmi aka gina birkin mota. Idan direba ya taka birki, man birki ne ke kai ƙarfin ƙafarsa zuwa tayoyi. Da zarar iska ta shiga bututun, sai birki ya yi laushi kamar soso, ƙafa ta nutse ƙasa, mota kuwa ba ta tsaya ba.

Birkin ABS, wanda kamfanin Bosch ya fara sa wa motocin Mercedes a 1978, yana hana taya ƙamewa ta ja ƙasa. Yana da akwati mai famfo da ƙananan bawul, kuma nan ne iska ke samun maɓoya.

Aikin na mutum biyu ne. A kashe injin, a cika tankin man birki da DOT 3 ko DOT 4, duk wanda aka rubuta a murfinsa. Kada a zuba DOT 5, domin bai dace da ABS ba. Galibi ana farawa da tayar da ta fi nisa da direba, wato ta baya ta dama, amma a duba littafin motar, gama wasu sun bambanta. A sa siririn tiyo a kan notin fitar da iska, ɗaya bakin kuma cikin kwalba mai ɗan mai. Na cikin mota ya taka birki sau uku ya riƙe. Na waje ya kwance notin kaɗan, mai ya fito da kumfa, ya ɗaure, sa'an nan ya ce, "Saki!" In aka saki kafin a ɗaure, iskar ta koma ke nan. A yi ta maimaitawa har kumfa ya ƙare.

A riƙa leƙa tankin. Nan ne masu gaggawa suke yin ɓarna: in man ya ƙare, iska ta shige akwatin ABS, taka birki kaɗai ba zai fitar da ita ba. Sai bakanike ya haɗa motar da kwamfuta, ta tayar da famfon, ta buɗe bawul ɗin ɗaya bayan ɗaya, kana a sake bin tayoyi huɗun.

Man birki yana cin fenti, sai a wanke inda ya zuba da ruwa. Kafin a hau titi, a gwada birkin a fili, a hankali.