DARASIN SANA'A: YIN DUWATSUN ADO DA YUMƁU DA GANYEN LAMBU

Darasinmu na wannan wata na sana'ar hannu ne. Mun shirya shi musamman domin matan da ke ajin yaƙi da jahilci a Gusau da Tsafe da Bunguɗu da ƙauyukansu. Za mu koyi yadda ake yin duwatsun wuya da 'yan kunne da yumɓu, a yi musu zane da ganyen da ke lambunanmu. Sana'a ce da mace za ta yi a cikin gidanta, kuma ba ta bukatar babban jari. Hausawa sun ce da zaman banza gara aikin kishiya.

YUMƁU IRI BIYU

Akwai yumɓun Turawa, wanda za mu kira yumɓun roba. Ba ƙasa ba ne. Ana haɗa shi da irin robar da ake yin bututun ruwa da ita, wato PVC, a sa masa wani mai da ke tausasa shi, a sa launi. A ƙasar Jamus aka fara sayar da wanda ake kira Fimo a 1966. A Amurka kuma akwai wanda ake kira Sculpey. Wannan yumɓu ba ya bushewa a iska, sai an gasa shi. Fimo yana son zafin digiri 110 na tsawon minti 30. Sculpey kuwa digiri 130 yake so. Idan zafi ya wuce kima sai ya ƙone, ya fitar da hayaƙi mai cutar da ƙirji. Saboda haka sai da tanderun lantarki ko na gas mai ma'aunin zafi. Ga shi kuma daga waje ake shigo da shi, yana da tsada. Wadda ta same shi ta bi abin da aka rubuta a jikin ledarsa, kada ta kuskura ta sa shi a garwashi.

Na biyu shi ne namu na gado, wanda magina tukwane ke aiki da shi. Shi ne darasinmu. Kada kowa ya raina shi. Da irinsa Ladi Kwali ta yi suna a duniya. Ta shiga makarantar ginin tukwane ta Abuja, wato Suleja ta yanzu, a 1954. Ta rasu a 1984, amma ga hotonta nan a bayan takardar Naira 20 tana ginin tukunya.

INA ZA A ƊEBO YUMƁU?

Wannan shi ne abu mafi muhimmanci a darasin nan, sai a kula sosai. A 2010 gubar dalma ta kashe yara fiye da 400 a jiharmu ta Zamfara, a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Bagega da Dareta da Abare. Dalili shi ne ana kai duwatsun zinariya cikin gidaje ana dakawa. Ƙurar tana ɗauke da dalma, yara suna shaƙa, suna kuma kai hannu baki. Dalma ba ta da wari, ido ba ya ganin ta a cikin ƙasa, wuta kuma ba ta kawar da ita.

Abin wuya kullum yana jikin mutum, kuma yaro na goye yakan kama na uwarsa ya kai baki. Don haka:

1. Kada a ɗebo yumɓu kusa da inda ake haƙar zinariya, ko niƙa duwatsunta, ko wanke ta.
2. Kada a yi amfani da turmi ko buhu ko kwanon da ya taɓa aikin zinariya.
3. Kada a shafa wa duwatsu fentin mota ko na ƙofa, ko garin tozali, domin akan sami dalma a cikinsu.

Hanya mafi sauƙi ita ce a sayi curi ɗaya wurin maginiyar tukwane ta garinku, a kuma tambaye ta inda take ɗebowa. Curi ɗaya zai yi duwatsu masu yawa. Wannan ya hutar da ku shiga daji mai nisa a irin wannan lokaci na rashin tsaro. Rigakafi ya fi magani.

KAYAN AIKI

Yumɓu, tsingaro, rariya, kwalba, reza, tsinken tsintsiya, faranti, gwangwanin madara ko na tumatir, ƙaiƙayi, gawayi, zaren nailan mai ƙarfi, da man kaɗanya. Maƙalin 'yan kunne kaɗai za a saya wurin 'yan koli. A ware waɗannan kaya daban, kada a haɗa su da na abinci.

GYARAN YUMƁU

A jiƙa yumɓu kwana biyu, a dama shi, a tace da rariya don a fitar da tsakuwa da saiwoyi. A bar shi ya kwanta, a tsiyaye ruwan sama, a shanya shi har ya yi kamar ƙullun fura. Sai a daka tsingaro ya yi laushi, a tankaɗe. A zuba awo 1 na garin tsingaro a cikin awo 4 na yumɓu. Garin nan shi ke hana duwatsu fashewa a wuta. A cuɗa sosai har iskar da ke ciki ta fita. Don gwaji, a murza ɗan kaɗan ya yi kamar igiya, a naɗa a yatsa. Idan bai tsage ba, ya yi.

ZANE DAGA LAMBU

Masu noman rani a fadamun Gulbin Sakkwato, daga Gusau zuwa Bunguɗu, ba su rasa abin kwaikwayo. Wanda ba shi da lambu ma, akwai itatuwa a tsakar gida. Malamai da yawa suna tsawatarwa a kan yin surar mutum ko dabba, amma ba su hana surar ganye da fure ba. Ga hanyoyi huɗu:

1. Tambarin ganye. A murza yumɓu da kwalba ya yi faɗi, kaurinsa kamar rabin santimita. A ɗora ganye a kai, bayansa yana kallon yumɓu, domin a nan jijiyoyin suka fi fitowa. A bi da kwalba sau ɗaya, a ɗaga ganyen a hankali, a yanke gefe da reza. Ƙaramin ganyen gwaiba ya dace da tsakiyar abin wuya. Na zogale da na dogon yaro sun dace da 'yan kunne.
2. Furen kuɓewa. A yanka ɗanyar kuɓewa a gicciye, a bar yaukin ya ɗan bushe, a danna a kan yumɓu. Zanen fure zai fito sak.
3. Totuwar masara. A mirgina dutse a kanta, sai ya sami zane mai gida-gida. Magina tukwane sun daɗe da sanin wannan dabara.
4. Surar kayan miya. A mulmula yumɓu ya yi kamar ƙaramin gauta, a ja masa layuka da tsinke. Haka ma surar barkono ko ta ƙoƙon soɓorodo.

A huda kowane dutse da tsinke tun yana ɗanye. A shigar da tsinken ta wannan gefe, a sake shigarwa ta wancan, don bakin ya yi kyau. A yi hudar da ɗan faɗi, domin yumɓu yana raguwa da kusan kashi 1 cikin 10 idan ya bushe aka gasa shi. 'Yan kunne kuma a yi su sirara, kada nauyi ya ja kunne.

SHANYA DA GOGEWA

A jera duwatsu a faranti, a ajiye a inuwa, ba a rana ba. Bayan kwana ɗaya, lokacin da suka yi tauri amma da sauran sanyi a jikinsu, a goge su da dutse mai santsi ko 'ya'yan kuka har su yi sheƙi. Kada a goge inda zanen ganye yake. A bar su kwana 5 zuwa 7. Da damina a ƙara kwanaki. Da hunturu a rufe su da tsumma, don iska ba ta busar da su da sauri su tsage. Dutsen da ke da sauran ruwa a ciki fashewa yake yi a wuta, wani lokaci ya fasa na kusa da shi. Sannu ba ta hana zuwa.

GASHI

A yi gashi a fili, nesa da danga da yara. Da farko a ajiye duwatsun kusa da wuta kamar awa ɗaya su ɗumama.

Mai son baƙaƙe ta zuba ƙaiƙayi a gwangwani, ta jera duwatsu, ta ƙara ƙaiƙayi har ya cika. A rufe bakin, a huda ƙananan ƙofofi biyu ko uku don hayaƙi ya fita. A binne gwangwanin cikin gawayi, a hura a hankali, a bar shi awa 2 zuwa 3 yana ja wur. Hayaƙin da ke ciki shi ke mayar da su baƙi.

Mai son jajaye ta jera su a cikin gwangwani babu ƙaiƙayi, ta bar bakin a buɗe. Idan ana son ruwan ƙasa mai duhu, a yayyafa musu ruwan makuba ko na bagaruwa tun suna da zafi, kamar yadda ake yi wa tukwane.

Yumɓu ba ya nuna sai zafi ya haura digiri 600. Ba mu da ma'auni, amma akwai gwaji. A bar su su huce har safe. A jefa ɗaya a ruwa ya kwana. Idan ya yi laushi, bai gasu ba, sai a mayar da sauran wuta. Idan ya gasu, a wanke su duka, a shafa musu man kaɗanya, a goge da tsumma.

ZURAWA DA LISSAFI

Nan ne karatun aji zai yi amfani. Abin wuya mai tsawon santimita 45 yana cin duwatsu 45, idan kowane dutse santimita 1 ne. To, a yi 55, domin wasu za su fashe. A ninka zare biyu, a ƙulla sosai. Kada a sa wa jariri irin wannan abin wuya, don idan zare ya tsinke yana iya haɗiye dutse ya shaƙe shi.

Kowace mace ta sami littafi ta rubuta kuɗin yumɓu, da na gawayi, da na zare, da na maƙali, da kwanakin da ta yi tana aiki. Ta haɗa jimla kafin ta yanka farashi. Wadda ba ta rubuta ba, tana iya sayarwa da hasara tana murna. Yana da kyau mata biyar ko shida su haɗa gashi wuri ɗaya, gawayi ya yi musu sauƙi. A fara tallar a gidajen biki da suna, kuma a yi shiri tun wata guda kafin salla.

TAMBAYOYI

1. Me ya sa ba a ɗebo yumɓu kusa da wurin aikin zinariya?
2. Awo nawa na garin tsingaro za a zuba a awo 8 na yumɓu?
3. Wane gefen ganye ake ɗorawa a kan yumɓu?
4. Yaya ake gane dutse ya gasu?
5. Idan an gasa duwatsu 55, guda 7 suka fashe, nawa suka rage? Za su isa abin wuya ɗaya?

Muna roƙon malaman aji su karanta wannan darasi tare da ɗalibai, su kuma gayyaci maginiyar tukwane ta zo ta nuna gyaran yumɓu da hannunta. Wadda ta iya karatu ta karanta wa maƙwabciyarta, musamman sashen da ya yi magana a kan dalma. Sai mun sadu a fitowa ta gaba. Allah Ya sa albarka a sana'a, amin.