Abin da za ka faɗa tsakanin kabbara da kabbara

Sallar gawa gajeriya ce, amma ita ce sallar da yawancinmu muke yi ba tare da mun zauna mun koye ta ba. A Jega, inda hanyoyin Sakkwato da Birnin Kebbi da Yawuri suka haɗu, mutum na tsakiyar ciniki sai ya ji an ce an fito da gawa, ya shiga sahu, ya bi liman da kabbara huɗu, bakinsa a rufe. Wannan shirun yana damuna ƙwarai, domin wanda ke kwance cikin makara addu'armu yake bukata.

Fara da alwala, ɗan'uwa. Wanda ya karanta Ahalari ya san cewa lafiyayye mazaunin gari ba ya taimama don jana'iza, sai in babu mai sallatar ta in ba shi ba. Saboda haka da ka ji sanarwa, nemi buta.

Babu kiran salla, babu iƙama, babu ruku'u ko sujada. Ana ajiye mamaci a gaba ta wajen alƙibla, kansa a daman liman, a ja sahu, uku in da hali. Ka ƙudurta niyya a zuci, ka ɗaga hannu a kabbarar farko.

A mazhabar Malikiyya, wadda kakanninmu a ƙasar Gwandu suka karanta cikin Risala, addu'a ake yi bayan kowace kabbara: ka gode wa Allah, ka yi wa Annabi (SAW) salati, ka roƙa wa mamacin gafara. Addu'ar liman ba ta ɗauke maka taka ba, kowa da bakinsa zai roƙa, a asirce. In ba ka haddace doguwar ba, "Allahummagfir lahu" ta isar, in mace ce ka ce "laha". Bayan kabbara ta huɗu sai sallama ɗaya.

Wasu limaman kuwa Fatiha suke karantawa bayan kabbarar farko, kamar yadda Bukhari ya ruwaito daga Ibn Abbas, salatin Ibrahimiyya bayan ta biyu, addu'a bayan ta uku. Haka ma tsayuwar liman: Malikiyya suna tsayawa daidai tsakiyar namiji da kafaɗun mace, wasu kuma daidai kan namiji da tsakiyar mace. A Aliero, inda jami'ar da aka kafa a 2006 ke tara ɗalibai daga ko'ina, za ka ga duka biyun. Kowanne da hujjarsa wajen malamai. Bi limamin da ke gabanka. Ƙofar gidan da ake kuka ba wurin gardama ba ne, 'ya'yan mamacin suna cikin sahu suna jin ku.

In ka tarar an fara, dakata har liman ya sake kabbara ka shiga tare da shi. Da ya sallame sai ka rama waɗanda suka wuce ka, a jere ba tare da addu'a ba idan an riga an ɗaga makara.

A kula da lokaci. Ba a sallatar gawa daidai fitowar rana ko faɗuwarta, sai in ana tsoron gawar ta canja, abin da zafin Maris da Afrilu ke saurin jawowa. Masu jiran dangi daga ƙauyukan Maiyama ko daga Birnin Kebbi su yi lissafi tun da wuri, don kada rana ta yi ja ana nan tsaye. Jinkirin da zai cutar da mamaci ba girmamawa ba ne.

Bayan sallama, in ba ka da uzuri, bi gawar har maƙabarta. Hadisi ya yi wa mai salla alkawarin ƙiraɗi ɗaya na lada, wanda ya tsaya har aka rufe kuma biyu. Ka sa hannu a ɗaukar makara, ka tsaya bakin kabari ka roƙa masa tabbata wajen tambaya kafin ka juya.